Kaɗa Zaren Nano daga Selulos na Tsirrai da Ƙarfin Lantarki: Abin da Zai Yiwu a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba fasahar kaɗi da lantarki, wadda ake fitar da zaren da kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba daga selulos ɗin tsirrai. Ta waiwayi tarihin fasahar, ta bayyana yadda take aiki, sannan ta auna ta da albarkatun gona da yanayin Kafanchan da kewayenta. Matsayar maƙalar ita ce, fasahar nan selulos kaɗan take ci, amma mai tsabta ƙwarai take so. Saboda haka duk wanda ya ɗauke ta maganin tulin sharar gona ya yi kuskuren lissafi. Inda ya kamata a zuba ƙarfi shi ne tsarkake selulos, da daidaita danshin iska a ɗakin kaɗi, da zaɓen kayan da ba su da nauyi amma suna da daraja, kamar matatar iska da abin rufe rauni.

1.0 Gabatarwa

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun wajajen 1927, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya iso nan, ya rabu biyu zuwa Kaduna da Jos, amfanin gonar yankin yake fita ɗanye. Citta ce a kan gaba, daga Kwoi da Kaciya da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf, nau'in tafin giwa da na yatsun biri, a tsaga a shanya a ɗura a buhu. Bayan citta akwai masara da dawa da acca da shinkafa da rake da gangamau. Kowanne daga cikinsu yana barin saura bayan girbi: totuwa, kara, ɓuntu, tuka, ganye. Duk waɗannan cike suke da selulos.

A 'yan shekarun nan ana yawan jin ɗalibai da malamai suna ba da shawarar a mayar da wannan saura zaren nano. Shawarar ba ta wofi ba ce, domin yankin ya samu cibiyoyin da za su iya ɗaukar aikin. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona. Akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Aiki a Kaciya, ta kuma amince da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. Tambayar da ta rage ita ce ta ina za a faro, kuma me za a sa rai a samu.

2.0 Waiwaye

Bafaranshe Anselme Payen ne ya fara ware selulos daga tsirrai a 1838. A 1865 Paul Schützenberger ya haɗa shi da sinadarin asetik ya samu asetet ɗin selulos, wanda shi ne ginshiƙin yawancin abin da za a tattauna a nan.

Ta fuskar lantarki kuwa, tun 1600 William Gilbert ya lura cewa ɗigon ruwa yana miƙewa ya yi tsini idan aka matso masa da dutsen ambar da aka goga. A 1902 John Cooley da William Morton, kowa daban, suka yi rajistar na'urar watsa ruwa da lantarki a Amurka. A 1934 Bajamushe Anton Formhals ya yi rajistar hanyar kaɗa zare da lantarki, kuma abin da ya kaɗa asetet ɗin selulos ne. Ke nan tun farkon fasahar tare take da tsirrai. A Tarayyar Sobiyat, Petryanov-Sokolov da Rozenblum sun kaɗa irin wannan zare a 1938, kafin 1939 ta ƙare an kafa masana'anta a garin Tver tana yin matatar hayaƙi ta takunkumin sojoji daga asetet ɗin selulos.

Daga 1964 Sir Geoffrey Taylor na Ingila ya fitar da lissafin tsinin da ɗigon ke yi kafin zare ya fita, shi ya sa ake kiran tsinin da sunansa. Fasahar ta yi kwanciya har zuwa farkon shekarun 1990, sa'ad da Darrell Reneker da ɗalibansa a Jami'ar Akron suka farfaɗo da ita. Daga bisani Oldřich Jirsák na jami'ar Liberec a ƙasar Cek ya fito da injin da ba ya amfani da allura, wanda kamfanin Elmarco ke ƙerawa da sunan Nanospider. Darasin wannan tarihi a fili yake: inda fasahar ta fara cin kasuwa, a matsayin matata ta ci.

3.0 Yadda Kaɗin Yake Gudana

Kayan aikin huɗu ne: sirinji da allura mai dakusasshen baki, famfo mai tura sirinjin a hankali, na'urar da ke ba da lantarki mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa 30,000, da fallen alminiyam da aka haɗa da ƙasa, wanda ake ajiyewa santimita 10 zuwa 20 daga bakin allurar.

Idan aka kunna famfo, ɗigo zai leƙo a bakin allura, zagayayye. Ana ƙara ƙarfin lantarki sai a ga ɗigon yana tsawo, yana tsini. Cajin da ya taru a fatarsa yana ture juna, har ya rinjayi ƙarfin da ke riƙe da fatar, sai sili ya tsinko daga tsinin. Santimita kaɗan na farko a miƙe yake tafiya, wanda ya haska fitila ta gefe zai iya ganinsa. Daga nan sai ya shiga wulwulawa da saurin da ido ba ya bi, sai dai a ga kamar hazo mai faɗaɗa. A cikin wannan wulwulawa ne silin yake miƙewa ninki dubbai, ruwan narkarwar ya bi iska, busasshen zare ya sauka a kan fallen. Bayan 'yan mintoci fallen zai dusashe, bayan sa'a guda ya yi fari fat, har a iya ɓare shimfiɗar da yatsa.

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Gashin mutum yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000, zaren kaɗin lantarki kuwa yawanci tsakanin 100 ne da 1,000. Idan aka ɗauki zare mai kaurin nanomita 200, aka yi lissafi da nauyin asetet na giram 1.3 a kowane kubik santimita, giram ɗaya zai ba da sili mai tsawon kusan kilomita 24,000, faɗin fatarsa kuma kusan murabba'in mita 15. Giram ɗaya na silin auduga, idan fatar waje kawai aka auna, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in mita ba. Wannan yalwar fata, da ƙananan ƙofofin da ke tsakanin silin, su ne duk darajar abin.

Abin da ya fi tasiri a kan kyan zare shi ne kaurin ruwan kaɗin. Wanda ya san miyar kuɓewa ya san wannan: in ta tsinke, ɗiga take daga ludayi, in ta yi yauƙi sai ta ja sili. Idan folima, wato sinadarin mai dogayen sarƙoƙi da aka narkar, ta yi kaɗan a ruwan, sarƙoƙinta ba sa sarƙe juna, sai a samu feshi ko zare mai ƙulle-ƙulle. Idan ta yi yawa, allura ta toshe. Ga asetet ɗin selulos, ana yawan samun daidaito tsakanin kashi 12 da 20 cikin ɗari.

4.0 Taurin Kan Selulos

Selulos doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin gulukos. Kowace ƙwaya tana da hannuwa uku na haidiroksil, waɗanda ke kama na maƙwabta da ɗaurin haidirojin, su jera sarƙoƙin su matse. Shi ya sa ba ya narkewa a ruwa ko a yawancin sinadaran narkarwa, kuma idan aka gasa shi ƙonewa yake kafin ya narke. Kaɗin lantarki kuwa sai da ruwa. Hanya biyu ake bi.

Ta farko, a narkar da shi kai tsaye. Ana yin haka da NMMO, wanda masana'antun zaren Lyocell ke amfani da shi, ko da gaurayen gishirin litiyam kuloraid da sinadarin narkarwa na DMAc, ko da narkakkun gishirai da Robin Rogers da abokan aikinsa suka nuna a 2002 cewa suna narkar da selulos. Akwai kuma hanyar Lina Zhang ta Jami'ar Wuhan: kostik soda kashi 7, yuriya kashi 12, a sanyaya zuwa digiri 12 ƙasa da sifili. Matsalar dukkansu ita ce ba sa bin iska yadda ake so, zaren yakan sauka a jiƙe, sai an tare shi a cikin ruwa ko barasar etanol an wanke. Ban da kostik da yuriya kuma, ga tsada, ga wahalar samu.

Ta biyu ita ce zagaye. A mayar da selulos asetet, a toshe kusan biyu da rabi daga hannuwa ukun, sai ya narke a asiton. A kaɗa shi a haka, sannan a jiƙa shimfiɗar a ruwan kostik mai rauni cikin etanol, toshiyar ta fita, zaren ya koma selulos ba tare da siffarsa ta lalace ba. Liu da Hsieh na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna a 2002 cewa gauraya asiton kashi biyu da DMAc kashi ɗaya tana ba da zare mai santsi. Wannan hanya ce ta fi dacewa da ɗakin binciken da bai da kuɗi da yawa, kuma ita maƙalar take ba da shawara.

5.0 Albarkatun Kudancin Kaduna

Masana'antun asetet a duniya ba kowane selulos suke karɓa ba. Suna amfani da gajeren gashin da ke manne a jikin gurya bayan an gurje auduga, ko ɓargon itace da aka tace har tsantsar selulos ta haura kashi 95. Idan lignin ko hemiselulos, sinadaran da ke tare da selulos a jikin tsiro, suka saura, ruwan kaɗin yakan yi gurɓi, ya yi gudaji, ya toshe allura. Da wannan ma'auni ya kamata a duba abin da ke gonakinmu.

Totuwar masara tana da selulos kusan kashi 35 zuwa 45, sai dai hemiselulos ɗinta ma da yawa. Amfaninta shi ne tana taruwa wuri ɗaya, wajen injin casa, kuma tana ajiyuwa a bushe. Tukar rake ta ɗan fi ta selulos, amma idan ba a wanke an shanya ta da wuri ba, sauran zaƙin yana jawo fumfuna. Ɓuntun shinkafa yana ɗauke da silika har kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, cire ta kuwa ƙarin aiki ne da ƙarin kostik. Ɓawon rama ya fi su duka dogon sili da ƙarancin lignin, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana aiki a kan amfanin gona masu ba da zare, musamman auduga.

Citta tana da nata lissafin. Saiwar busasshiyar citta kusan rabinta sitaci ne, don haka dusar da ta rage bayan an tatsi mai sai an cire mata sitaci tukuna. Masu bincike a Indiya da Indunusiya sun fitar da zaren nano daga dusar citta, amma ta hanyar ɓarzawa da sinadari da girgizar sauti, ba kaɗin lantarki ba. Inda citta ta fi amfani a nan shi ne sinadarinta mai yaji, jinjarol. A Tailan an kaɗa asetet ɗauke da shi, an kuma kaɗa wani ɗauke da sinadarin gangamau, aka auna yadda zaren ke sakin su a hankali. A kula cewa zafi yana juya jinjarol ya koma shogawol, kaɗin lantarki kuwa ba ya bukatar zafi.

Akwai kuma abin da masu rubuta buƙatar tallafin bincike suke mantawa. Yawancin abin da suke kira shara yana da mai shi. Kara abincin dabba ne, shinge ne, makamashi ne. Manomin citta yana neman ciyawa da ganye ido rufe don rufe gonarsa bayan shuka. Totuwa ma ana hura wuta da ita. Duk shirin da ya dogara ga samun tan-tan kyauta zai gamu da farashi ran da ya fara saye.

6.0 Lissafin da Ke Sauya Tambayar

A ɗauka allura ɗaya tana fitar da mililita 1 a sa'a, ruwan kuma yana da giram 15 na asetet a kowane mililita 100. Zaren da za a samu a sa'a giram 0.15 ne, a yinin aiki na sa'a takwas giram 1.2. A ɗauka kuma buhun totuwa mai kilo 10 ya ba da kilo 2.5 na tsarkakakken selulos. Ko ba a lissafa nauyin da asetet ke ƙarawa ba, allurar za ta yi sa'a sama da 16,000 tana aiki, wato kusan shekara biyu dare da rana, kafin ta cinye buhu ɗaya. Injin da ba ya amfani da allura yana ninka wannan sau ɗaruruwa, amma ko shi ba zai taɓa tulin totuwar ƙaramar hukuma ɗaya ba.

A juya lissafin ta ɗaya fuskar. Matatar iska ba ta bukatar zaren nano mai kauri. Shimfiɗa ce siririya ake ɗorawa a kan yadi ko takarda. Idan rabin giram ya isa murabba'in mita guda, giram 1.2 na yini ɗaya zai rufe murabba'in mita 2.4, wanda zai yanku gida sittin masu faɗin santimita 20 kowane gefe. Ashe ƙaramar na'ura ma tana iya samar da abin gwaji mai yawa. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, yawan albarkatu ba shi ne jarin kudancin Kaduna a wannan fage ba, domin ko'ina akwai isasshen selulos. Jarin shi ne iya tace shi ya fito iri ɗaya yau da gobe.

7.0 Cikas da Hanyar Kewaye Su

Na'urar ita ce mafi sauƙi. Wutar da ke bin silin 'yar mitsitsiya ce, don haka faranti ɗaya na sola da batir sun isa riƙe famfo da na'urar lantarki, kuma sun fi wutar gari amfani, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar kaɗi tana ɓata shimfiɗa. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana da taransifoma da masu gyara ke kira filaibak, mai ba da bolt sama da 20,000, kuma ɗalibai a ƙasashe da dama sun haɗa na'urar gwaji da ita. Sai dai irin wannan wuta ba abin wasa ba ce. Dole a rufe komai a akwati, a haɗa da ƙasa, a sauke caji kafin a sa hannu.

Yanayi ya fi na'ura wuyar sha'ani. Damina a Kafanchan takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, a tsakiyarta danshin iska yakan haura kashi 80, da hunturu kuma ya faɗo ƙasa da kashi 30. Asiton yana tafasa a digiri 56, DMAc a digiri 165. A watan Janairu asiton zai bushe tun a bakin allura, a ga farin ɓawo yana tsiro a tsinin, sai an riƙa gogewa. A watan Agusta laima tana sauka a kan silin, ta bar masa ramuka, ko zaren ya sauka da danshi ya manne da juna. Gaurayen da ya yi kyau da rani zai ba da kunya da damina. Magani shi ne akwatin kaɗi mai rufi, da ma'aunin danshi, da sinadarin tsotse laima, da rubuta danshi da zafi a kowane gwaji. Sakamakon da ba a rubuta masa danshi ba, babu mai iya maimaita shi.

Sai sinadarai. Asetik anhaidiraid, wanda da shi ake yin asetet, yana cikin jerin da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta sa wa ido saboda ana haɗa hodar heroin da shi, a Najeriya kuma shigo da shi sai da izinin NAFDAC. Ba a fafe gora ranar tafiya, a nemi izini tun ana rubuta tsarin bincike. DMAc yana cutar da hanta da ɗan tayi, asiton kuma yana kama wuta da tartsatsi ɗaya, alhali a kusa da bolt 20,000 ake aiki da shi. An nuna cewa asetet yana kaɗuwa a gaurayen asid ɗin asetik da ruwa, kuma ya dace a fara gwada wannan.

Na ƙarshe awo. Ido ba ya gane zaren nano, madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ma ba ya iya auna shi, sai madubin ilektiron. Tabbatar da cewa asetet ya koma selulos kuma sai da na'urar hasken infared, inda alamar da ke wajen lamba 1740 take ɓacewa. Don haka haɗin gwiwa da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke da sashen folima da saƙa, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa a Zariya, da cibiyar kimiyya ta Sheda kusa da Abuja, wajibi ne tun daga farko.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, a raba aikin biyu a tafi da su tare. Rukuni ɗaya ya sayi asetet na kanti ya koyi kaɗi da shi har hannu ya faɗa, a damina da rani. Ɗaya rukunin ya duƙufa kan tace selulos daga totuwa da rama da tukar rake: niƙa, dafawa a kostik mai kashi 2 zuwa 5, wankewa da haidirojin feroksaid har ya yi fari, da auna tsantsarsa da kostik mai kashi 17.5. Idan aka haɗa sabon selulos da sabuwar na'ura rana ɗaya, abin ya ƙi, ba za a san mai laifi ba.

Na biyu, a fara da matatar iska. Ƙurar hunturu, hayaƙin itacen girki da garin citta a wuraren niƙa matsaloli ne da ke gaban kowa, gwajin matata kuma ya fi sauƙi. Abin rufe rauni ya biyo baya, tare da likitoci da ma'aikatan jinya na Kafanchan, kuma kada ya taɓa jikin majinyaci sai an kashe masa ƙwayoyin cuta, an samu amincewar kwamitin ɗa'a da ta hukuma.

Na uku, a tanadi yadda za a yi da baƙin ruwan kostik da ke fita bayan dafawa. Ba a zuba shi a kwata ko rafi sai an kashe masa kaifi.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kaɗin lantarki da selulos tafiyarsu ɗaya tun 1934, kuma na'urar ba ta fi ƙarfin ɗakin bincike a Kafanchan ko Kaciya ba. Ta nuna kuma cewa buhu ɗaya na totuwa zai ishi allura ɗaya kusan shekara biyu, saboda haka ba a wannan fasaha za a nemi mafitar sharar gona ba. Ma'aunin nasara a shekarun farko ya zama mai sauƙin dubawa: selulos na gida da tsantsarsa ta haura kashi 90 sau uku a jere, asetet da ya narke garau a asiton, da zaren da kaurinsa a watan Agusta ya yi daidai da na Janairu. Idan aka samu waɗannan ukun, za a iya zama da masu masana'anta a yi maganar kuɗi. Ko ba a kai ga zaren ba, selulos mai tsabta haja ce da masu haɗa ƙwayar magani da masu takarda suke saye.